Fahimtar Al'adar Wani: Aikin Malamin Sadarwa a Jalingo

Sadarwa tsakanin al'adu fanni ne na ilimi da ke nazarin abin da ke faruwa idan mutanen da suka tashi cikin harsuna da ɗabi'u da addinai daban-daban suka haɗu a kan ciniki, ko maƙwabtaka, ko aiki, ko auratayya. Yana duba furuci da shiru, da kallon ido da sunkuyar da kai, da yadda ake gaisuwa, da yadda ake ƙin abu, da abin da kowace al'umma ta ɗauka girmamawa ko raini. A jami'o'in Nijeriya ana cin karo da shi a sassan koyar da aikin jarida, da nazarin harsuna, da ilimin zamantakewa, da nazarin addinai, da nazarin zaman lafiya. A ƙarƙashin duk waɗannan akwai tambaya guda ta falsafa wadda duk malamin da ya mai da fannin sana'ar rayuwarsa sai ya amsa ta: shin mutum zai iya fahimtar al'adar wani da addininsa fahimta ta gaskiya alhali yana riƙe da nasa, yana kuma ganin nasa ne daidai? Amsar da malami ya ba wannan tambaya ita ke tsara yadda zai koyar da yadda zai yi bincike.

Jalingo da mutanenta

Ba kowane gari ne ke sa wa malami wannan tambaya a gaba kamar Jalingo ba. An ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, da ƙananan hukumomin da yanzu suka kai 16, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kimanin miliyan 2.3. Harsunanta sun haura hamsin. Akwai Mumuye a Zing da Yorro, da Jukunawa a Wukari, da Kuteb a Takum da Ussa, da Chamba a Donga, da Wurkun da Jenjo a Karim Lamido, da Mambila a kan tsaunin Gembu, ga Tibi da Fulani da Hausawa a sassa da dama. Da Jalingo ta zama babban birnin jiha, aikin gwamnati da karatu da kasuwa suka tattaro dukkansu wuri guda.

Garin kansa yana da tarihin da mazaunansa ba su tunawa da shi iri ɗaya. Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, shi ya kafa Masarautar Muri wajen 1817. A 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci garin Kona da yaƙi, da taimakon bindigogin wani Bafaranshe mai suna Louis Mizon, kuma a 1893 aka kafa Jalingo, wadda ta zama mazaunin sarautar. Sunayen mazaɓun garin suna ɗauke da wannan tarihi har yau. Turaki, wadda ta kasu Turaki A da Turaki B, da Barade, da Majidaɗi, da Sarkin Dawaki, da Sintali, duk sunayen sarautun fada ne, ita kuwa mazaɓar Kona tana ɗauke da sunan al'ummar da aka tarar a wurin. Addinin Kirista ya shigo yankin ta hannun ƙungiyar mishan ta SUM, wadda ta isa Wukari a 1906. 'Yar mishan Johanna Veenstra ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum har rasuwarta a 1933, cocin Katolika kuma ta kafa dayosis ɗin Jalingo a 1995.

Mazaunin Turaki da ya shiga kasuwa da safe zai iya sayen doya a hannun ɗan Mumuye, nono a hannun Bafulatana, kayan gyaran babur a shagon Ibo, ya hau keke napep na Bahaushe ya koma gida. Abin da littattafan fannin ke bayani a matsayin abin da ke samun matafiyi, a nan rayuwar kullum ce.

Asalin fannin da gejinsa

A Amurka aka fara tsara fannin a matsayin darasi. Edward Hall, masanin al'adu, ya yi aikin horar da jami'an diflomasiyyar ƙasarsa a farkon shekarun 1950, ya kuma tattara abin da ya gano a littafin da ya fitar a 1959, inda ya nuna cewa lokaci da tazarar da ke tsakanin masu magana su ma saƙo ne. A 1976 ya raba al'adu gida biyu: waɗanda ke zuba ma'ana cikin kalmomi ƙarara, da waɗanda ke barin yawancin ma'ana ga yanayi da dangantaka. Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da nasa binciken a 1980, wanda ya gina a kan amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM a ƙasashe da yawa, ya auna al'ummomi da ma'aunai irin su fifita kai ko fifita jama'a.

Waɗannan ayyuka suna da amfani, amma malami a Jalingo yakan ga gejinsu da wuri. An shirya su ne domin baƙon da zai je wata ƙasa ya yi 'yan shekaru ya koma gida, alhali mutanen Taraba maƙwabta ne da za su tsufa a gari ɗaya. Sannan sun ɗauki ƙasa guda a matsayin al'ada guda. Da Hofstede ya faɗaɗa bincikensa, Gana da Nijeriya da Saliyo ya haɗa a rukuni ɗaya da sunan Afirka ta Yamma. Ma'aunin da bai iya raba Legas da Akra ba, ba zai raba Zing da Gembu ba. Akwai kuma gadon zamanin mulkin mallaka. C. K. Meek, jami'in gwamnatin Ingila mai binciken al'adu, ya wallafa littafinsa a kan Jukunawa a 1931, kuma har yau masu bincike suna komawa gare shi. Sai dai irin wannan bincike an yi shi ne da nufin sauƙaƙa mulki, waɗanda aka yi rubutun a kansu kuwa ba a nemi ra'ayinsu a kan abin da aka rubuta ba. Wannan ya bar darasi: ana iya sanin mutane sosai ba tare da an girmama su ba.

Matsaya uku

Masu tunani sun ba tambayar fahimtar al'adar wani da addininsa amsoshi iri uku. Ta farko ita ce mutum ya ɗauki al'adarsa a matsayin ma'aunin kowa, duk abin da ya saɓa mata ya kira shi ƙauyanci ko ɓata. Wannan ita ce ɗabi'ar da kowa ke tashi da ita, kuma babu ƙabilar da ta kuɓuta daga gare ta. Aibinta shi ne mai ita yana yanke hukunci kafin ya ji bayani, don haka abin da yake yaƙa ko yake wa dariya sau da yawa siffa ce da ya zana da kansa.

Ta biyu ita ce a ce kowace al'ada daidai take a wurin masu ita, babu wani ma'auni da ya ƙetare iyakar al'umma. Tana da farin jini a wasu littattafan fannin saboda ana ganin tana kawo zaman lafiya. Amma tana rusa kanta, domin mai cewa babu gaskiyar da ta hau kan kowa yana son a karɓi maganarsa a matsayin gaskiyar da ta hau kan kowa. Tana kuma ɗaure hannun mai son gyara, domin a bisa ƙa'idarta ba a iya sukar kisan tagwaye ko auren dole. A Jalingo tana da ƙarin matsala: Musulmi ko Kirista mai riƙo da addininsa ba zai yarda cewa imaninsa al'ada ce kawai a cikin al'adu ba. Malamin da ya gindaya wannan sharaɗi kafin a fara darasi ya rasa yawancin ajinsa.

Matsaya ta uku ita ce raba fahimta da yarda. Fahimta ita ce mutum ya iya faɗin abin da wani ya yi imani da shi, da dalilansa, da abin da yake nufi a gare shi. Yarda ko ƙi hukunci ne da ke zuwa daga baya, kuma haƙƙin kowa ne. Wannan matsaya ta girmi fannin da ƙarnuka. Abu Raihan al-Biruni ya koyi harshen Sansikirit, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, yana bayyana aƙidun Hindu yadda masu su ke faɗarsu alhali shi Musulmi ne. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya rubuta littafi guda yana shimfiɗa manufofin masana falsafa kafin ya rubuta wanda ya soke su a ciki, saboda a ganinsa raddin abin da ba a fahimta ba aikin makanta ne. A 1959 Wilfred Cantwell Smith, ɗan Kanada masanin addinai, ya kafa ƙa'idar cewa bayanin da aka yi a kan wani addini bai inganta ba sai masu addinin sun iya gane kansu a cikinsa. Kwasi Wiredu na Gana kuma, a littafinsa na 1996, ya kawo hujjar da ke tallafe da wannan duka: da babu abin da 'yan Adam suka yi tarayya a kai na hankali da tausayi, da fassara daga wani harshe zuwa wani ba ta yiwu ba, ga shi kuwa kullum ana yin ta.

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan matsaya. Ana cewa wanda bai taɓa yin sujada da imani ba, ko bai taɓa karɓar jibin Ubangiji da imani ba, bayani kawai ya sani, ɗanɗanon abin ya wuce shi. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata ya sa mai bincike ƙanƙan da kai. Amma fahimtar da ba ta cika ba ita ma fahimta ce. Ko a cikin gida ɗaya, uba bai san duk abin da ke zuciyar ɗansa ba, kuma wannan bai hana su zama da juna a kan sani ba. Wata wahalar ita ce masu addini ɗaya ba bakinsu ɗaya ba. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa, ko ɗan Katolika da ɗan cocin Fentikos, za su ba da bayani daban a kan abubuwa da yawa. Don haka mai bincike na ƙwarai yakan faɗi wanda ya yi magana da matsayinsa, ya guji cewa al'umma kaza duk haka take.

Abin da addinai suka tanada

Ɗalibai da yawa suna shiga aji da tsoron cewa nazarin addinin wani zai raunana nasu. Littattafan Musulunci da Kiristanci ba su goyi bayan wannan tsoro ba. Suratur Rum, aya ta 22, ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Suratul Hujurat, aya ta 13, ta bayyana cewa an yi mutane al'ummomi da ƙabilu domin su san juna, ta kuma ɗora fifiko a kan taƙawa. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana zagin abin bautar wasu, Suratul Ankabut, aya ta 46, ta ɗora sharaɗin kyautatawa a muhawara da Ma'abota Littafi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Malaman jihadin Sakkwato ma sun san cewa saƙo sai ya bi harshen mai sauraro; Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

A ɓangaren Kirista, labarin hasumiyar Babila a Farawa sura 11 yana bayanin rarrabuwar harsuna, Ayyukan Manzanni sura 2 kuma tana ba da labarin ranar Fentikos, lokacin da kowa ya ji saƙon da harshen garinsu. A sura 17 Bulus ya fara wa mutanen Atina magana ne daga abin da ya lura da shi na ibadarsu. Lamin Sanneh, ɗan Gambiya da ya koyar a Jami'ar Yale, ya nuna a littafinsa na 1989 cewa fassara tana cikin ginshiƙan yaɗuwar wannan addini a Afirka. Cocin Katolika kuma ta fitar da sanarwar Nostra Aetate a 1965, wadda ta yi magana a kan Musulmi da girmamawa.

Al'adun gargajiya suna da nasu hanyoyin. Abakwariga, mutanen da asalinsu Hausawa ne, sun daɗe suna zaune cikin Jukunawa ƙarƙashin Aku Uka, sarkin Wukari, har suka zama ɓangaren garin. Wasan barkwanci da ke tsakanin Fulani da Tibi, kamar wanda ke tsakanin Fulani da Barebari, yana ba mutane damar faɗa wa juna magana mai zafi a cikin raha ba tare da an zare wuƙa ba.

Dole ne kuma a yarda cewa Musulunci da Kiristanci duka addinai ne masu kira, kowanne yana fatan ɗayan ya shigo. Ɓoye wannan yaudara ce. Abin da ake nema ga malami shi ne ya raba aji da mumbari, ɗalibi ya tabbata ba tarko aka ɗana masa ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a Kaduna a 1995 bayan sun kasance a ɓangarori masu gaba da juna, sun yi shekaru suna aiki tare, kowannensu yana kan addininsa.

Hausa a tsakani

A Jalingo Hausa ce harshen haɗuwa a kasuwa da tasha, tare da Fulatanci da Turanci. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, kuma tarayyar coci-coci da aka kafa a 1955, wadda yanzu ake kira TEKAN, sunanta ma na Hausa ne. Saboda haka masallaci da coci suna amfani da kalmomi iri ɗaya: Allah, annabi, addu'a, azumi, zunubi, tuba. Wannan ni'ima ce, amma tana iya sa mutane su zaci sun fahimci juna alhali kowa da abin da yake nufi.

Haka abin yake a mu'amala. Bahaushe ko Bafulatani mai kunya yakan ƙi abu da cewa sai ya yi shawara, ko Allah ya kai mu, wanda ya saba da magana kai tsaye kuma sai ya ɗauka alkawari aka yi masa. Yaron da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai gaban manya, wani malamin zai ga yana ɓoye laifi ne. Musulmar da ta ƙi miƙa hannu ga namiji, ko maƙwabcin da ya ƙi taɓa burkutu a wurin biki ko aikin gayya, ana iya karanta abin da suka yi a matsayin ƙyama. Inda aka san dalilin juna kuwa, akan sami mafita cikin sauƙi. Iyalan Kirista da yawa a Arewa sukan kira Musulmi ya yanka musu dabbar Kirsimeti domin maƙwabta su ci, naman layya kuma yana shiga gidajen Kirista.

Akwai wani nauyi da ya rataya a kan Hausawa musamman. Ɗan Mumuye ko ɗan Jenjo ya koyi Hausa, ya san gaisuwarta da karin maganarta, amma Bahaushen da ya shekara talatin a garin sau da yawa bai iya gaisuwa da harshen maƙwabcinsa ba. Wahalar fahimta ta koma kan ɓangare ɗaya. Wasu iyaye suna kallon 'ya'yansu suna tashi da Hausa kaɗai, suna jin harshensu na mutuwa a hannunsu, kuma wannan damuwa takan haɗu da tunanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Malamin da ke koyar da fannin da gaskiya ba zai tsallake wannan batu ba.

Aikin malami

Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo an kafa ta a 2008, Jami'ar Tarayya ta Wukari a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Zing. Wanda ya shiga wannan aiki yakan fara ne daga mataimakin malami, ya yi digiri na biyu da na uku, ya hau matakai har zuwa babban malami, daga nan zuwa farfesa. Ƙarin girma ya dogara ne a kan yawan maƙalun da ya wallafa da ingancinsu, kuma kusan duk mujallun da ake ƙirgawa na Turanci ne. Tallafin bincike yakan zo daga asusun TETFund, aikin kuma yakan tsaya idan an shiga yajin aiki irin na ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU da ya ɗauki wata takwas a 2022. Kwasa-kwasan gama-gari a kan al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, da a kan zaman lafiya da warware rikici, su ne ƙofar da yawancin ɗalibai ke haɗuwa da fannin.

A wajen koyarwa, babban jarin malami shi ne ajinsa, domin a benci ɗaya akwai 'yan ƙabilu da yawa. Hanya mai amfani ita ce a sa ɗalibi ya bayyana matsayin wata al'umma a kan aure, ko jana'iza, ko gadon ƙasa, sannan 'yan wannan al'umma su faɗi ko sun gane kansu a bayaninsa. A wajen bincike kuwa, malamin ɗan gari ne mai ƙabila da addini, sunansa kaɗai yana buɗe masa wasu ƙofofi ya rufe wasu. Saboda haka binciken haɗin gwiwa tsakanin malamai daga ɓangarori daban ya fi inganci. Abin da aka faɗa masa amana ce: ya nemi izini, ya ɓoye sunan wanda magana za ta jefa cikin haɗari, ya koma ya karanta wa mutane abin da ya rubuta a kansu. Ya kamata kuma sakamakon ya isa ga jama'a ta rediyo da tarukan unguwa, da Hausa da sauran harsuna, ko da hakan ba ya cikin abin da ake ƙirgawa a ƙarin girma.

Abin da fahimta ba ta warwarewa

Kuskure ne a ɗauka duk rikici rashin fahimta ne. Rikicin Tibi da Jukunawa na 1991 zuwa 1992, da na 2001, da na 2019, da rikicin Takum na 1997, da na tsaunin Mambila na 2017, sun shafi gonaki da makiyaya, da sarauta, da iyakokin ƙananan hukumomi, da batun wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. Masu irin wannan jayayya sau da yawa sun san abin da juna ke so sarai. Maganinta adalci ne a rabon ƙasa da muƙamai da shari'a, kuma wannan aikin hukuma ne. Malamin da ya ce taron ƙara wa juna sani zai maye gurbin adalci ya ɗora wa fanninsa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Duk da haka fannin yana da rabonsa. Jita-jita, wadda yanzu ke gudu ta WhatsApp da Facebook, ita ke mai da faɗan mutum biyu a kan gona ya zama faɗan ƙabila ko na addini, kuma tana samun gindin zama ne inda mutane suka riga suka jahilci juna. Idan an zo teburin sulhu ma, sai an sami masu iya faɗin koken ɗaya ɓangaren yadda masu shi za su yarda an faɗe shi daidai. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani ba zai ƙare a gari irin Jalingo ba, kuma ba a neman kowa ya bar abin da ya yi imani da shi. Amsar tambayar da aka fara da ita ita ce fahimta tana yiwuwa tare da riƙo da aƙida, muddin an gabatar da sauraro a kan hukunci. Ma'aunin nasarar malami kuma shi ne yawan ɗaliban da suka fita daga hannunsa suna iya bayyana addinin maƙwabcinsu da al'adarsa ba tare da ƙari ko ragi ba.